Muhammadu al-Kashinawi, Masanin Lissafin Katsina da Ya Rasu a Alkahira

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 ta Miladiyya, wani malami Bakatsine ya rasu a birnin Alkahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar na wancan zamani. Kafin ya cika ya yi wasiyya cewa mai masaukin nasa ne zai kula da abin da ya bari, har da littattafansa. A maƙabartar malamai ta birnin aka yi masa makwanci. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafillacen Katsina, kuma shi ne masanin lissafi mafi shahara da ƙasar Hausa ta fitar kafin zuwan Turawa.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga alƙalamin ɗan mai masaukinsa. Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar baƙon, ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a cikin littafinsa Aja'ib al-Athar ya keɓe wa Bakatsinen wuri a jerin malaman da suka rasu a waɗannan shekaru. Ya lissafa malamansa da littattafansa, ya kuma nuna cewa mahaifinsa ya ɗauki ilimi a wurinsa. Don haka ƙasar baƙunci ce ta adana labarinsa a rubuce, daga can kuma ya dawo gida bayan fiye da ƙarni biyu.

Katsinar da ta rene shi

Malam Muhammadu ya tashi ne a lokacin da Katsina take kan ganiyarta a kasuwanci da karatu. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamas a nan suke sauke kaya, fataken goro kuma suna ratsa ƙasar zuwa Gwanja. Cikin laƙabobin da ake kiransa da su akwai al-Danrankawi, wanda ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina da ya yi suna a tsakanin 'yan kasuwa. Inda fatauci ya yi ƙarfi dole a sami masu iya ƙidaya, domin bashi da awo da canjin wuri da zinariya duk aikin lissafi ne.

Addini ma yana neman lissafi. Rabon gado a fiƙihun Malikiyya aiki ne na rabi da rubu'i da sulusi da sudusi da sumuni, kuma alƙalin da bai ƙware a kansu ba zai tauye haƙƙin maraya. Fitar da zakka, sanin lokutan salla, gano alƙibla da ƙidayar watanni, kowanne yana da nasa hisabin. Birnin kuwa ya daɗe da malamai. Al-Maghili ya zauna a cikinsa a ƙarshen ƙarni na 15, Jalaluddin al-Suyuɗi ya aiko wa Sarki Ibrahim Sura wasiƙar nasiha daga Masar, sannan a ƙarni na 17 aka yi Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Hasumiyar Gobarau, wadda har yau take tsaye, shaida ce ta wancan zamani. A cikin wannan gado al-Kashinawi ya buɗe ido.

Al-Jabarti ya ambaci malamansa da suna. Akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaiman, malamin Bagirmi da Barno, mai littafin tauhidi al-Manhaj al-Farid, wanda kuma ya yi rubutu yana haramta shan taba. Akwai Shaihu Hashim da Muhammadu Fodiyo. Sai Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya koyi ilimin haruffa da hatimi da hisabi da sanin lokuta bisa tsarin malaman Magrib. Wannan jeri yana nuna cewa karatun nasa ya ratsa ƙasashe tun kafin ya kama hanyar gabas, kuma ilimin lissafin da ya kai Masar a nan Sudan ta Tsakiya ya same shi.

Daga Makka zuwa Azhar

Ya sauke farali a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730. A wancan zamani tafiyar Hajji daga ƙasar Hausa takan ci shekaru, a ƙafa da bisa dabba, mahajjaci yana tsayawa a garuruwa yana karantarwa ko yana sana'a don ya sami guzuri. A Makka ya fara rubuta babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake dangantawa da Fakhruddin al-Razi. Ya kammala shi a Alkahira a 1146. Shekara guda kafin haka, a 1145, ya gama Bahjat al-Afaƙ, littafin da ya yi bayanin ilimin haruffa da hanyoyin tsara hatimi, kuma shi ne ya jawo masa hankalin masana tarihin lissafi. Ya kuma rubuta Bulugh al-Arab a nahawu, ya tsara Minah al-Ƙuddus a manɗiƙi, sannan ya yi masa sharhi da kansa.

Alkahira ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Sudan. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a birnin, kuma Azhar tana da ɓangarorin kwana na ɗalibai bisa ƙasashensu, har da na Barnawa. Shi kansa Hasan al-Jabarti asalin zuriyarsa daga gabashin Afirka ne. Gidansa matattara ce ta masu sha'awar ilimin taurari da awo da ƙera na'urorin gane lokaci.

Wani labari da ɗansa ya kawo yana nuna darajar wannan gida. Ƙasa da shekara goma bayan rasuwar al-Kashinawi, Daular Usmaniyya ta turo Ahmad Pasha ya zama gwamnan Masar, mutum mai son ilimin lissafi. Da ya zauna da shugabannin Azhar ya yi musu tambayoyi a wannan fanni, sai suka amsa cewa ba fagensu ba ne. Shaihun Azhar na lokacin, Abdullahi al-Shubrawi, ya nuna masa Hasan al-Jabarti, gwamnan kuwa ya riƙa zama a gabansa yana ɗaukar karatu. Mutumin da Azhar ta fitar da shi kunya da shi a gaban gwamna, shi ne wanda ya zauna a gaban malamin Katsina ya koyi ilimin hatimi.

Abin da ke cikin hatimi

Bahaushe ya san hatimi a jikin allo da laya, gidaje murabba'i cike da lambobi ko haruffa. Ga mai lissafi, hatimi tambaya ce mai ƙa'ida: a jera lambobi daga 1 zuwa adadin gidajen, kowace sau ɗaya, ta yadda jimillar kowane layi na kwance da na tsaye da na kusurwa zuwa kusurwa za ta zo daidai. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Jimillar lambobi daga 1 zuwa 9 ita ce 45. Tun da layuka uku ne za su raba ta daidai, dole kowanne ya ɗauki 15. Lambar tsakiya ma ba zaɓi ba ce. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Idan aka cire 45 daga 60 saura 15, wanda shi ne lambar tsakiya sau uku, saboda haka dole ta zama 5. Ana iya juya wannan hatimi ko a kifa shi ya ba da kama takwas, amma asalinsa guda ne, babu na biyu.

Da gidaje suka ƙaru sai lalube ya daina aiki. Hatimi mai gida 25 kowane layinsa 65 ne, mai gida 49 kuma 175. Masu gida 16 iri 880 ne, kamar yadda aka buga a Faransa a 1693, masu gida 25 kuwa sai a 1973 kwamfuta ta ƙidaya su, suka kama 275,305,224. Wannan adadi, duk da yawansa, ɗigo ne a cikin dukkan hanyoyin da za a iya watsa lamba 25 a gida 25. Wanda ya ce zai dace da amsa ta gwaji zai tsufa bai samu ba. Abin da ake bukata shi ne hanya, kuma hanyoyin gina hatimin da yawan layukansa mara ne, wato 3 da 5 da 7 zuwa sama, su ne al-Kashinawi ya tattara ya bayyana.

Cikin irin waɗannan hanyoyi akwai ta tsallen doki, wadda ta ari sunanta daga wasan shaɗaranji. Ga misalin yadda take aiki a gida 25. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga kowace lamba a hau gida biyu sama, a matsa ɗaya dama, a rubuta ta gaba. Idan tsallen ya fita ta sama sai a shigo ta ƙasa, idan ya fita ta dama a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Duk lokacin da aka cika lamba biyar, gidan gaba zai kasance a cike, sai a sauko gida ɗaya ƙasa a ci gaba. Abin da zai fito shi ne:

10 18 1 14 22
11 24 7 20 3
17 5 13 21 9
23 6 19 2 15
4 12 25 8 16

Kowane layi 65 ne, ta kowace fuska. Jerin umarni irin wannan, wanda duk wanda ya bi shi zai isa ga amsa ko da bai san dalili ba, shi ne abin da masu tsara manhajar kwamfuta ke rubutawa a yau. Malamin ya san aikin yana gajiyar da ɗalibi, shi ya sa ya gargaɗi mai koyo da kada ya yanke ƙauna, ya nuna masa cewa naci ne sharaɗin wannan fanni.

Ilimin haruffa kuwa ya tsaya a kan ba kowane harafin Larabci lamba. Tsarin Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa ke bi, ya bambanta da na gabas a wasu haruffa: a wurinmu shinun 1000 ne, a Masar kuwa 300. Da wannan tsari marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin ramzi. Shekarar rasuwar malamin, 1154, za ta fito da shinun da ƙaf da nunun da dal, wato 1000 da 100 da 50 da 4. Wanda bai san wannan bambanci ba zai karanta kwanan watan rubutun Katsina ya yi kuskuren ɗaruruwan shekaru.

Tsakanin lissafi da tsibbu

Akwai gaskiya biyu da masu yabonsa a kafafen sada zumunta kan tsallake. Ta farko, ba shi ya ƙago hatimi ba. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun zamanin da, ya bayyana a rubuce-rubucen Ikhwan al-Safa a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya yi littafi a kansa a wannan ƙarnin, Ahmad al-Buni kuma ya yaɗa amfani da shi a sha'anin asiri a ƙarni na 13. Darajar al-Kashinawi ita ce ya riƙe wannan ilimi da ƙwarewa, ya tsara shi, ya koyar da shi a babbar cibiyar karatun Musulunci, a zamanin da masu riƙe da shi suka yi ƙaranci.

Ta biyu, shi kansa bai raba lissafin da asiri ba. A wurinsa lambobi da haruffa da taurari suna da tasiri a rayuwar mutane, kuma ya ɗauki hatimi ilimi ne da ya kamata a ɓoye wa wanda bai cancanta ba. Malamai sun daɗe suna jayayya a kan wannan fanni. Ibn Khaldun ya sa ilimin haruffa a sahun sihiri a cikin Muƙaddima, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nur al-Albab, ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Wannan jayayya ta shafi makomar sunansa. Masu tsibbu sun riƙe al-Durr al-Manzum, wanda aka buga a Alkahira, don abin da suke nema a ciki. Masu ƙyamar tsibbu sun kauce wa littattafan gaba ɗaya. Lissafin da ke ciki, wanda ingancinsa bai dogara da imani da laya ba, ya rasa mai ɗaukarsa a matsayin lissafi. Turai ma ta ratsa irin wannan hanya: Johannes Kepler ya yi wa sarakuna duban taurari, Isaac Newton ya ɓata shekaru a kan alkimiyya, kuma magadansu sun tsince tsabar sun bar ƙaiƙayin.

Wani tsaransa a Rasha

A shekarun da al-Kashinawi ke rubutu a Alkahira, Leonhard Euler, wanda aka haifa a 1707, yana aiki a cibiyar kimiyya ta birnin Saint Petersburg. A 1737 ya rubuta maƙalar da ta aza harsashin nazarin sarƙar kaso, wato rabon lamba da ake cusa wani rabo a ƙarƙashinsa, a ƙarƙashin wannan ma wani, ba iyaka. Misali mai sauƙi shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 2. Ana rubuta ta da 1 a haɗa da ɗaya bisa 2, a ƙarƙashin 2 ɗin a sake haɗa ɗaya bisa 2, haka har abada. Idan aka yanke sarƙar mataki mataki za a sami 3/2, sai 7/5, sai 17/12, sai 41/29. Amsoshin suna lilo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna matsowa kusa da 1.4142.

Tambayar da ta biyo baya ita ce yaushe irin wannan sarƙa ke tsayawa a kan amsa guda, yaushe kuma take yawo ba ta sauka. Abin ya fi wuya idan lambobin da ke cikinta masu harɗe ne, irin waɗanda suka ƙunshi saiwar −1, domin su ba a jera su a layi ɗaya daga ƙarami zuwa babba, don haka hujjar lilo sama da ƙasa ba ta aiki a kansu. A 1865 wani malamin sakandare a Berlin, Julius Worpitzky, ya tabbatar da cewa idan lambobin ƙasa duk 1 ne, kuma girman kowace lambar sama bai wuce rubu'i ba, to sarƙar za ta tsaya. Ivan Śleszyński a 1889 da Alfred Pringsheim a 1898 sun kawo wani sharaɗin: girman kowace lambar ƙasa ya kai girman ta samanta da ƙarin ɗaya. Edward Van Vleck na Amurka ya ƙara nasa a 1901.

Worpitzky ya buga sakamakonsa ne a rahoton shekara na wata makaranta, kuma shekaru da dama manyan masana ba su lura da shi ba, har wasu suka sake gano abin da ya riga ya gano. Amma an buga shi, ɗakunan karatu sun ajiye, daga baya aka tono shi aka mayar masa da haƙƙinsa, yau ƙa'idar da sunansa ake kiranta. Euler shi ma ya waiwayi hatimi a 1776 da 1782, ya nuna cewa ana iya gina shi daga tsari biyu da aka ɗora wa juna, inda kowace alama ke fitowa sau ɗaya a kowane layi. Hatimin gida 25 da ke sama haka yake: a cire 1 daga kowace lamba a raba da 5, za a ga abin da ya fito da abin da ya saura duk suna bin wannan doka. A shekarun 1920 Ronald Fisher ya ɗauki irin wannan tsari ya mai da shi hanyar raba filayen gwajin iri da taki a Ingila, kuma har yau masu binciken noma na amfani da shi.

A shekarar 1741 da aka binne al-Kashinawi, Euler ya koma Berlin bisa gayyatar sarki, da albashi da mujallar da ke jiran rubutunsa. Masar ba ta sami maɗaba'a mai ɗorewa ba sai da aka kafa ta Bulaƙ a farkon shekarun 1820. Ilimin Bakatsinen ya dogara ne da hannun mai kwafi da amanar aboki guda. Tazarar da ke tsakanin makomar ayyukan mutanen biyu ta hukumomi ce: wa ya biya, wa ya buga, wa ya ajiye, wa ya ɗora.

Dawowar suna

Masu bincike na zamani ne suka sake fito da shi. A. D. H. Bivar da Mervyn Hiskett sun ambace shi a nazarinsu na rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya a 1962. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi maƙala a kan bayaninsa na ramzi, aka buga a Ibadan a 1967. Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a littafinta Africa Counts a 1973, Jacques Sesiano ya yi nazarin hanyoyinsa na gina hatimi a 1994, John Hunwick kuma ya jera ayyukansa a kundin marubutan Larabci na Sudan ta Tsakiya a 1995. Kwafin Bahjat al-Afaƙ na hannu yana ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.

Ɗalibi a Boko ko Kusada ko Kankiya zai iya gama sakandare yana ganin lissafi kayan aro ne da ya shigo tare da Turawa, alhali shekara 170 kafin Turawa su ci Katsina a 1903 wani ɗan ƙasarsa ya riga ya rubuta littafi a kansa, malaman Azhar suna karatu a gabansa. Jihar tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, tana da hukumar tarihi da al'adu, ga Gidan Arewa a Kaduna da ke adana rubutun hannu. Aikin da sunansa ke nema a wurinsu sananne ne: a ɗauko hoton kwafin da ke waje, a zaunar da masanin Larabci da masanin lissafi a kansa, a fitar da bugu mai sharhi da Hausa, a kai hanyoyinsa aji. Hatimin gida 25 ba ya bukatar dakin gwaji ko wutar lantarki. Allo da alli da malamin da ya san labarin sun isa.